Haske da Sutura: Tunani a kan Zaɓen Fitilar Gida

Duk wanda ya tsaya gaban teburin mai sayar da fitilu, a babbar kasuwar Maraɗi ko a kasuwar Madarunfa, tambayoyi uku yakan yi: nawa ne kuɗinta, yaya ƙarfin haskenta, kuma awa nawa take yi kafin ta mutu. Tambayoyi ne na hankali, babu mai ganin laifinsu. Amma akwai ta huɗu wadda ba kasafai ake yin ta ba, alhali ta fi sauran nauyi: idan an kai wannan fitila gida, wa za ta haskaka wa, kuma me za ta tona? Wannan tambaya ce nake so mu zauna a kanta da mai karatu. A ganina, zaɓen fitila, da wurin da za a rataye ta, da abin da za a rufa mata, hukunci ne da maigida ko uwargida ke yankewa a kan mutanen gidan da maƙwabtansu, ko sun sani ko ba su sani ba. Hukuncin kuwa fuska biyu gare shi: adalci wajen raba haske, da sutura wajen tsare shi.

Daga alkuki zuwa ƙwan sola

Kalmar fitila aro ce daga Larabci, inda asalinta ke nufin lagwani, wato zaren da ake murzawa a tsoma cikin mai. Sunan ya dace da abin da kakanninmu suka sani: ɗan kasko na yumɓu ko na ƙarfe, man gyaɗa ko man kaɗe, da lagwanin auduga, irin fitilar da ake kira aci-bal-bal. Magini kuma yakan bar mata gurbi a jikin bango, shi ne alkuki. Alkuki yana kare harshen wuta daga iska, yana nisanta shi daga hannun yaro da bakin zane, sa'an nan yana tura hasken zuwa sashe guda na ɗaki ya bar wajen gado cikin dishi-dishi. Wato tun kafin a gama ginin ɗaki an riga an yi wa haske mazauni, an kuma yanka masa iyaka.

Bayan haka fitilar ƙwai ta shigo tare da kananzir a zamanin Turawa. Waɗanda suka tashi da ita sun san hidimarta: da magariba a wanke ƙwan, a datse lagwani, a auna mai. Sun kuma san wata ƴar ƙugiya da ke gefenta, wadda ake murzawa a ɗaga lagwani ko a rage shi. Idan baƙo ya yi sallama a ɗaga. Idan jariri ya yi barci a rage. Idan ana jinya a bar ta ƙasa-ƙasa har asuba. Wannan ƴar ƙugiya makaranta ce ta sanin kima, domin kullum hannu yana tambayar kansa: nawa ake bukata yanzu?

Daga nan tocila ta zo, sai wutar lantarki da muke ce wa kuran, wadda kamfanin NIGELEC, da aka kafa a 1968, ke rarrabawa. A ƙarshe ƙwan LED ya rufe baya. Masana uku ƴan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda gano shuɗin LED, wanda da shi ne aka iya samar da farin haske mai arha. Don mu gane girman canjin, kyandir guda yana ba da haske na kimanin lumen 12. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800, wato ya fi kyandir sittin a haɗe. Ƙwan LED kuwa yana ba da wannan haske da wat 9 ko 10 kacal, shi ya sa ƙaramin faifan sola da ɗan batir ke iya riƙe shi dare guda. Wannan ni'ima ce, kada a raina ta. Sai dai ta zo mana tsirara: babu alkuki, babu ƙugiyar ragewa. Ƙa'idodin da ƙarancin mai ya tilasta wa kakanninmu, mu sai mun ɗora wa kanmu su da gangan.

Rabon haske

Mu fara da adalci. A ƙasarmu Nijar, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun wutar lantarki, kuma mafi yawan waɗannan a birane suke. Ko a inda waya ta kai, wutar ba tabbas gare ta ba. Jihar Maraɗi tana shan wuta ne ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma kowa yana tune da watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take sayar mana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta maido da ita ba sai a Maris na 2024. A waɗannan watanni gidaje da yawa sun koma kan fitila ɗaya ko biyu masu caji, kuma tambayar da aka daɗe ba a yi ba ta dawo kowace magariba: ina za a kai ta?

Amsar da gida ya bayar tana faɗin halinsa fiye da duk abin da maigida zai faɗa a majalisa. Abin da ido ke yawan gani shi ne ƙwai mafi ƙarfi yana ƙofar gida ko falo, inda baƙo zai gani ya yaba. Madafi kuwa, inda ake aiki da wuƙa da tafasasshen mai da garwashi, sau da yawa babu ko ɗaya. Sai ka ga mace ta soke tocila a ɗankwali, ko ta ciji wayar salula da haƙora, tana tuƙa tuwon da dukan gida za su ci. Tsohuwa za ta lallaɓa zuwa bayan gida cikin duhu a lokacin da kunama ke yawo, alhali talabijin na falo yana da ƙwai biyu a kansa.

Mu malamai muna ganin wani ɓangare na wannan rabo a kan takarda. A wajenmu rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, saboda haka kusan duk tilawar da ɗalibi zai yi a gida, da dare zai yi ta. Idan babu fitila a ɗaki, yaro namiji yakan ɗauki littafinsa ya tafi gindin ƙwan wani kanti ko ƙofar masallaci. Ƴar uwarsa ba ta da wannan hanya, domin ba a barin budurwa ta fita da dare, kuma kafin ta gama wanke-wanke an ɗauke fitilar zuwa turaka. Da safe mukan karɓi aikinsu biyu mu auna da mudu ɗaya, mu rubuta wa ɗaya “ya yi ƙoƙari”, mu rubuta wa ɗaya “ta ƙara himma”. Ranar jarrabawar BEPC takarda ba ta tambayar wanda ya sami fitila. Yarinyar da ta faɗi za a ce kanta ne ba ya ja, daga nan kuma maganar aure ta taso. Dubi yadda ƙaramin hukunci na magariba yake zama makomar mutum.

Ƙa'idar da nake ganin ta dace mai sauƙi ce: haske ya fara zuwa wurin wanda aikinsa ke bukatar ido, kafin ya je wurin wanda girmansa ke bukatar a gani. Mai girki, mai karatu, mai jego, tsoho da majinyaci su ne a gaba. Hira ba ta bukatar haske mai yawa, kakanninmu a farin wata suke yin ta. Haka nan a gidan da ke da mace fiye da ɗaya, maigidan da ke auna hatsi da tufafi daidai amma ya ja waya zuwa ɗakin amarya ya bar na uwargida da tocila, bai gama adalci ba tukuna.

Haƙƙin inuwa

Fuska ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin mun saba ɗaukar haske a matsayin alheri tsantsa, duhu kuma sharri tsantsa. Amma kowane Bahaushe ya san cewa dalla wa mutum tocila a fuska rashin ladabi ne, kuma yaron da ya yi wa babba haka zai sha faɗa. Me ya sa? Domin mai riƙe da tocila yana gani ba a ganinsa, wanda aka haska kuwa ana ganinsa shi ba ya gani. Haske a nan ya zama iko. To, ƙwan da aka kafa tsirara a saman katanga, yana zuba farin haske har tsakar gidan maƙwabci, tocila ce da ba a kashewa. A lokacin bazara, sa'ad da zafi ke korar mutane daga ɗaki, mata da yara a tsakar gida suke shimfiɗa tabarma. Wanda ya haskaka su bai tsallaka katanga ba, bai leƙa ba, amma ya yaye musu mayafin da dare ya ba su.

Akwai abin lura a cikin Alƙur'ani mai girma game da wannan. Surar da ake kira Suratun Nur, wadda a aya ta 35 ta kawo misalin fitila a cikin gilashi a cikin alkuki, ita ce kuma surar da ta hana shiga gidan wani ba da izini ba, ta yi umurni da runtse ido, ta tsawatar a kan ƙazafi, ta kuma ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa iyaye: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Ashe surar haske ita ce surar sutura. Malamai sun fi ni sanin zurfin wannan, amma ko mai karatu na yau da kullum zai ga cewa ba a raba su ba.

Turawa ma sun iso ga wannan ta tasu hanya. Tun da Aimé Argand, mutumin Janeba, ya ƙera fitilar mai mai bututun gilashi a shekarun 1780, wadda haskenta ya ninka na kyandir sau da dama, sai ido ya fara neman kariya, bukatar kuma ta ƙaru da zuwan fitilar gas da ta lantarki. Abin da suke kifa wa fitila, Faransawa suna ce masa abat-jour, kalma biyu da ke nufin abin da ke kwantar da hasken rana. A nan zan kira shi malfar fitila, saboda siffarsa da aikinsa duk irin na malfa ne. A can Japan kuma, marubuci Tanizaki ya wallafa wani ɗan littafi a 1933 don yabon inuwa, yana kukan yadda ƙyallin lantarki ya kashe kyan ɗakunan ƙasarsu da kwanukansu. Mutanen da ba su san juna ba sun gano abu ɗaya: idan haske ya wuce kima, sai ya daina nuna abu ya koma cin ido.

Ilimin likita ya zo ya ƙarfafa wannan. Ana auna launin haske da ma'aunin kelbin: ƙwai mai 2700 yana ba da haske ja-ja mai kama da na fitilar mai, mai 6500 kuwa fari fat ne da ratsin shuɗi kamar na tsakar rana. Irin na biyun shi ya cika kasuwanninmu. Shuɗin da ke cikinsa yana jinkirta fitar melatonin, sinadarin da jiki ke saki don kiran barci. Wato jaririn da aka kwantar ƙarƙashin farin ƙwai, jikinsa yana jin kamar rana ba ta faɗi ba. Dare mahutar bawa ne. Wanda ya mai da shi rana a ɗakin barci ya ƙwace wa iyalinsa wani haƙƙi.

Abin da za a iya cewa

Na san mai karatu yana da abin faɗa, kuma ya cancanci a saurare shi. Zai ce: malam, ai dare rigar mugu ne. Gundumar Madarunfa tana bakin iyaka, kuma shekaru ke nan ƙauyukanta suna fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa. A 2019 dubban ƴan gudun hijira daga arewa maso yammacin Nijeriya suka tsallako jihar Maraɗi saboda wannan bala'i. Wa zai ce wa mutumin da ke kwana da ido ɗaya ya rage haskensa? Magana ce mai nauyi, ba kuma zan ce kowa ya zauna cikin duhu ba. Sai dai a duba yadda ido ke aiki. Idan ƙwai tsirara yana gabanka, ƙwayar idonka takan tsuke, duk abin da ke bayan da'irar hasken sai ya koma duhu dunɗum. Mai gadin da ya zauna gindin irin wannan ƙwai ana hango shi daga nesa, shi kuwa ba ya ganin taku goma. Fitilar da aka kifa wa malfa, tana zuba haskenta ƙasa a kan ƙofa da turke da hanya, ta fi amfani ga mai tsaro. Ke nan ladabi da tsaro a nan hanyarsu ɗaya.

Wani zai ce wannan zancen masu hali ne. Talakan da ya sami fitila da ƙyar ina ruwansa da malfa? Amsa ita ce malfa ta fi kome arha a cikin harkar. Tsohuwar ƙwarya, ko faifai, ko guntun kwano da aka lanƙwasa sun isa. Juya ƙwai ya fuskanci bango ba ya cin ko dala. Abin da ake bukata lura ce, ita kuwa lura ba a kasuwa ake sayen ta ba.

Akwai kuma magana ta uku, wadda ta fi zafi. Za a ce da sunan sutura ne ake binne zalunci a gidaje da yawa: a doki mace a ce a rufa asiri, a ci amanar maraya a ce kada a tona. Gaskiya ne, kuma a nan dole a bambanta. Malfa ba ta kashe fitila, jagorar haskenta take yi. Sutura ita ce a kare rauni da tsiraici da talaucin mutum daga idon da ba shi da hurumi. Ɓoye zalunci kuwa shi ne a hana haske isa inda wani ke cutuwa. Ma'aunin guda ne da wanda muka kafa tun farko: inuwar nan wa take karewa? Idan mai rauni take karewa, sutura ce. Idan mai ƙarfi take karewa daga hisabi, duhu ne, kuma wajibi ne a kai fitila wurin.

Ado da amfani

Saura maganar ƙawa. A ɗakin amarya na yau, kusa da jeren kwanuka da labule, ana samun fitilu masu launi-launi, wasu suna ƙyaftawa, wasu suna juyawa, wasu ma ba a taɓa kunna su ba. Ba na cikin masu ganin ado ɓarna ne. Uwar da ta tara kuɗi shekara da shekaru don ɗakin ɗiyarta ya yi kyau, ƙauna take nunawa da harshen da ta iya. Abin tambaya shi ne jeri: kada fitilar kallo ta riga fitilar aiki shiga gida. Kuma kyan fitila na gaskiya ba a jikinta yake tsayawa ba, a kan abin da ta haskaka ake ganinsa. Haske mai laushi da ya bugi bango ya dawo yana fito da zanen tabarma da ƙyallin tasa da fuskar mutum. Farin ƙwai tsirara kuwa yana mai da ɗakin amarya kamar ɗakin awo na asibiti.

A nan akwai dama ga masu sana'armu. Tsohon ƙwan lantarki yana zafi ƙwarai, har yakan iya ƙona abin da aka kifa masa, shi ya sa kaba da ƙwarya ba su dace da shi ba. Ƙwan LED zafinsa kaɗan ne. Muddin an bar ƴar tazara da ƙofar iska a sama, ana iya yi masa malfa da kaba, ko da ƙwaryar da aka huhhuda, ko da fata mai shara-shara. Matan da ke saƙa faifai, da masu zanen ƙwarya, da dukawan Maraɗi, duk suna da hannun yin wannan. Ƙwaryar da aka yi wa huda bisa tsarin dagi tana watsa zanenta a bango da rufi, ta zama ado da sutura a lokaci guda. Sai dai a kiyaye: wannan na ƙwan lantarki ne kawai. Fitilar da ke da harshen wuta ba a kusanta mata kaba ko zane, kuma a kashe ta kafin barci, kamar yadda hadisi ya yi gargaɗi cewa ɓera kan ja lagwani ya jawo gobara.

Wanda zai gyara hasken gidansa bisa wannan tunani ba ya bukatar dogon lissafi. Madafi ya sami ƙwai a sama da murhu, ta yadda inuwar mai girki ba za ta faɗa cikin tukunya ba. Mai karatu ya sami ƙaramar fitila mai malfa kusa da littafi, ta ɓangaren hannun da ba ya rubutu da shi. Ɗakin barci ya sami haske ja-ja wanda za a iya ragewa. Hanyar bayan gida ta sami ɗan haske a ƙasa-ƙasa don ƙafar tsoho. Ƙwan waje kuwa ya kasance ƙasa da tsayin katanga, yana duban ƙasa, kuma kafin a kafa shi a shiga gidan maƙwabci da sallama a tambaya ko yana isa wurinsu.

Mutanen Madarunfa ba baƙin zancen haske ba ne. A kewayen tabkin garin akwai kaburburan waliyyai 99, waɗanda tare da tabkin da dajin aka shigar da su jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006, kuma dattawa suna ba da labarin wani haske da kan bayyana a kansu a wasu darare. Duk yadda mutum ya ɗauki wannan labari, akwai abin da yake koyarwa: hasken da ake girmamawa a nan ba mai ƙyalli dare da rana ba ne, mai zuwa ne a lokacinsa da wurinsa.

Ga ƴan uwana malamai, shawarata ita ce kafin mu rubuta wa ɗalibi “rashin himma”, mu tambaye shi, musamman ita, da wace fitila aka yi aikin. Ga ƙungiyoyin raya al'adu kuma, ga aiki a buɗe: a haɗa masu saƙar kaba da masu gyaran lantarki su zauna rumfa ɗaya, a kuma rubuta sunayen tsofaffin fitilu da kayansu daga bakin tsofaffi kafin kalmomi irin su alkuki su bi masu su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka nan shi ya san kusurwar da ta kwana cikin duhu da wadda haske ya hana barci. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.